Felix Loch: yadda ɗan shekara 18 ya zama tsohon hannu a tseren ƙanƙara

A watan Janairun 2008, a garin Oberhof da ke jihar Thüringen ta Jamus, wani saurayi mai suna Felix Loch ya ci gasar duniya ta wasan luj yana da shekara 18. Ba a taɓa samun namijin da ya ɗauki wannan kambu da ƙarancin shekaru irin nasa ba. Bayan shekara 2, a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Vancouver ta Kanada, ya ci zinare yana ɗan shekara 20, nan ma ya zama mafi ƙuruciya a cikin mazan da suka taɓa cin tseren mutum ɗaya. Jaridu suka yi ta kiransa yaro mai baiwa. Baiwar kam akwai ta, babu mai musu. Sai dai wanda ya tsaya a kanta kaɗai bai fahimci wasan ba. A ranar da ya ci Oberhof, Loch ya riga ya shafe kusan shekara 13 yana kwanciya a kan keken ƙanƙara, wato fiye da rabin rayuwarsa. Ƙuruciyar a fuska take, amma a fagen sana'ar tsohon hannu ne.

Kafin a gane dalilin haka, sai an san abin da ɗan wasan luj yake yi. Yawancinmu ba mu taɓa ganin wasan ba sai ɗan abin da talabijin ke haskawa duk bayan shekara 4. Mafi kusa da shi a wajenmu shi ne sulun da yara ke yi a kan falalen dutse, su zauna a kan yankakken jarka su zame har ƙasa. To a ɗauki wannan sulu, a mayar da dutsen kwararon siminti mai tsawon fiye da kilomita 1 wanda aka shafe da ƙanƙara, a lanƙwasa shi kwana 15 ko fiye, sannan a ce mutum ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ya gangaro da gudun kilomita 130 zuwa 140 a awa ɗaya. Keken ba shi da taya, ba shi da birki, ba shi da sitiyari. Ƙarafa biyu ne dogaye a ƙarƙashinsa suke taɓa ƙanƙara, nauyinsa duka tsakanin kilo 21 zuwa 25. Da sha-raɓa ake juya shi, ta hanyar danna ƙahonnin da ke gaba, da kuma kafaɗa da ake nauyaya wa ɓangare ɗaya. A cikin manyan kwanoni jiki kan ji nauyinsa ya ninka har sau 5, wuya yana faman riƙe kai kada ya bugi ƙanƙara.

Wasanni uku ne ke amfani da kwararo iri ɗaya, kuma ana yawan rikita su. Akwai bobsile, inda mutum ɗaya ko biyu ko huɗu ke turawa su faɗa cikin wani abu mai rufi. Shi ne wanda Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suka wakilci Najeriya a cikinsa a Olamfik ta 2018. Akwai sikeletin, inda ake yin rub da ciki kai a gaba, wanda Simidele Adeagbo ta yi wa Najeriya, Akwasi Frimpong kuma ya yi wa Ghana a wannan shekarar. Duka waɗannan biyun da gudun ƙafa ake fara su, shi ya sa ɗan tseren fili zai iya sauya sheƙa ya koye su yana babba. Luj ba ya karɓar baƙo cikin sauƙi haka. A zaune ake farawa, a kama wasu maɗauka biyu da ke gefen hanya, a yi lilo gaba da baya, a fizgi jiki da ƙarfi, sannan a yi ta yaƙushin ƙanƙara da safar hannu mai ƙusoshi sau uku ko huɗu kafin a kwanta. Daga nan kuma sai abin da jiki ya haddace.

Haddar ita ce asirin wasan. Ɗaga kai don ganin hanya yana tare iska, yana rage gudu, don haka gwani kusan ba ya kallon gabansa. Da gefen ido da kuma abin da bayansa ke ji yake sanin inda yake. Kowace kwana tana da layin da ya fi sauri, kuma faɗin wannan layi bai wuce tafin hannu ba. Wanda ya shiga kwana da wuri, za ta tofo shi ya bugi bango a mafita. Wanda ya makara, zai hau sama ya sauko a karkace. Juya keken da ƙarfi kuma yana sa ƙarfe ya ci ƙanƙara, lokaci ya tafi. Don haka gwaninta a nan ita ce mutum ya yi ɗan abin da ya wajaba kawai, jikinsa a sake, a daidai lokacin da kowace jijiya ke ce masa ya ƙanƙame. Irin wannan sakin jiki a bakin haɗari ba a koyonsa da gemu. Sai dai yaro ya fara daga ƙasan kwararo inda gudu bai kai ya kawo ba, kowace shekara a ƙara masa kwana ɗaya ko biyu zuwa sama, har tsoro ya zama abin da ya saba da shi.

Ga shi kuma ana auna lokaci har zuwa kashi 1 cikin 1,000 na sakan. An koma wannan awo ne bayan gasar Olamfik ta Sapporo ta 1972, inda Italiya da Jamus ta Gabas suka yi kunnen doki a tseren 'yan biyu, aka ba su zinare dukansu. A Nagano a 1998, Silke Kraushaar ta doke Barbara Niedernhuber da sakan 0.002 bayan gangarowa 4, tazarar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa biyu ba in aka mayar da ita nisa. A wasan da ake rabuwa da irin wannan tazara, wanda ya gangara kwararo sau dubbai tun yana yaro yana da jarin da ba a saye da kuɗi.

To a ina yaro zai sami kwararon? Nan ne labarin Loch ya zama labarin wuri. An haife shi ranar 24 ga Yulin 1989 a Sonneberg, cikin Jamus ta Gabas, watanni kaɗan kafin katangar Berlin ta faɗi. Mahaifinsa, Norbert Loch, ɗan wasan luj ne da ya wakilci Jamus ta Gabas a Olamfik ta Sarajevo a 1984. Bayan haɗewar Jamus ya sami aikin horar da 'yan wasa a jihar Bavariya, iyalin suka koma yankin Berchtesgaden, kusa da tafkin Königssee. A nan ne aka gina kwararon farko a duniya da ake daskarar da ƙanƙararsa da injin sanyi, a ƙarshen shekarun 1960. A nan kuma hedikwatar hukumar luj ta duniya take. Yaron ya tashi uba koci ne, kwararo yana bayan gida, manyan gwanaye maƙwabta ne. Yana ɗan shekara 5 ya fara hawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma ita ma barewar sai da fili.

Filin nan kuwa tsada gare shi. Kwararukan da ake daskarar da su da inji a duk faɗin duniya ba su kai 20 ba, babu ko ɗaya a Afirka. Kowane yana cin bututun sanyi na kilomitoci da wutar lantarki mai yawa, da ma'aikata masu kankare ƙanƙarar da hannu suna yayyafa mata ruwa tsakanin tsere da tsere. Na Whistler, inda aka yi gasar 2010, ya laƙume sama da dalar Kanada miliyan 100. Na Cesana, wanda Italiya ta gina don gasar Turin ta 2006, an rufe shi bayan 'yan shekaru saboda kuɗin kula da shi ya gagara. Amma Jamus ita kaɗai tana da 4: Königssee da Winterberg a yamma, Oberhof da Altenberg a gabas. Gadon yaƙin cacar baka ne. Lokacin da ƙasar take a rabe, kowane ɓangare yana son nuna wa ɗayan fifiko a fagen wasanni, kowanne ya gina nasa, ya kafa makarantun kwana na 'yan wasa a kusa da su. Da aka haɗe a 1990, ƙasa ɗaya ta gaji kayan ƙasa biyu, da kociyoyin ƙasa biyu. Loch da kansa haɗin gambizar wannan tarihi ne: jinin gabas, tarbiyyar yamma.

Shi ya sa abin da ya faru a Oberhof a 2008 ya fi kama da rabon gado a cikin gida. David Möller ne ya zo na biyu, Andi Langenhan na uku, dukansu Jamusawa. Ga ɗan wasan Jamus, samun gurbi a tawagar ƙasa kan fi cin lambar duniya wuya a wasu shekarun. Yaron da ya tsallake wannan rairaya ya riga ya kara da mafi yawan waɗanda zai haɗu da su a kan mumbarin karɓar lambar yabo.

Akwai kuma batun abinci, wanda masu ba da labarin zakaru ba su cika son ambata ba. Luj ba ƙwallon ƙafa ba ne, kuɗin gasa ba ya riƙe gida. Jamus ta warware wannan ta hanyar ɗaukar 'yan wasanta aikin soja ko na ɗan sanda, a ba su albashi, a sake su su yi atisaye. Loch ɗan sandan tarayya ne. Georg Hackl, wanda ya ci zinaren Olamfik a 1992 da 1994 da 1998, soja ne. Italiya ma haka take yi: Armin Zöggeler, zakaran 2002 da 2006, ma'aikacin rundunar jandarmomin ƙasar ne. A kwatanta da Shiva Keshavan na Indiya, wanda ya halarci Olamfik 6 daga 1998, lokacin yana ɗan shekara 16, zuwa 2018. Ƙasarsa ba ta da kwararo ko ɗaya. An sha nuna shi yana atisaye a kan keke mai taya a titunan tsaunukan Himalaya, yana kauce wa motoci da awaki. Ba wanda zai iya cewa ga inda Keshavan zai kai da a Berchtesgaden aka haife shi, kuma wannan ne ainihin matsalar wasan: duniya ba ta taɓa gwada 'ya'yanta duka a kansa ba, 'yan ƙauyuka kaɗan na tsaunukan Turai ne ke gwada junansu.

Abu na uku shi ne maƙera. Doka ta ƙayyade nauyin keke da faɗinsa, ta kuma hana ɗumama ƙarafan, domin ƙarfe mai ɗumi yana narkar da ƙanƙara ya ƙara santsi. Ana auna zafinsu kafin kowace gangarowa, kuma tun a Grenoble a 1968 aka taɓa korar matan Jamus ta Gabas uku bisa wannan zargi, rigimar da har yau ba ta mutu ba a tarihin wasan. Ɗan wasa mara nauyi ma an yarda ya sa rigar darma don ya rage tazara tsakaninsa da ƙato. Amma a cikin iyakar dokar akwai sarari mai faɗi: irin ƙarfen da aka zaɓa, yadda aka lanƙwasa shi, kaifin gefensa, yadda aka goge shi da hannu na awoyi. Ƙarfe mai kaifi yana riƙe hanya amma yana cin lokaci. Mai santsin gefe ya fi gudu, amma kuskure kaɗan sai ya kwashe mutum. Kowace safiya ta gasa sai an yanke wannan shawara gwargwadon sanyin gari da taurin ƙanƙara. Hackl, wanda asalinsa maƙerin ƙarfe ne ya koya, ya shahara da kwana a shago yana gyaran kekensa. Da ya yi ritaya bayan 2006 ya shiga cikin masu horar da tawagar Jamus, Loch ya zama ɗan gidansa. Ke nan yaro ɗan shekara 18 yana kwance a kan ilimin da wani ya tara cikin shekara 20.

Idan aka jera waɗannan, sai mutum ya ga kamar kowane ɗan koci a Berchtesgaden zai iya zama Loch. Ba haka ba ne. Daruruwan yara sun bi ta wannan makaranta, ɗaya ne ya fito haka. Yana da tsawon kusan mita 1.9 da dogayen hannaye, abin da ya ba shi ƙarfin fizga a mafari, kuma masana wasan na cewa ɗan abin da aka samu a mafari yakan ninka kafin a kai ƙasa. Sannan yana da sanyin rai irin wanda ba a cika gani ga matasa ba. An ga wannan a 2009. A farkon kakar ya faɗi a atisaye a sabon kwararon Whistler ya ji rauni a kafaɗa, amma a watan Fabrairu ya je Lake Placid ta Amurka ya sake cin gasar duniya, a kwararon da ba na gida ba kuma mai wuyar sha'ani. A watan nan kuma ya koma Whistler ɗin da ta kayar da shi, aka auna shi yana gudun kilomita 153.98 a awa.

Wannan adadi ya kamata ya tayar da hankalin masu shirya gasa fiye da yadda ya yi, domin kwararon ya zarce gudun da aka tsara shi a kai. Ranar 12 ga Fabrairun 2010, sa'o'i kaɗan kafin bikin buɗe Olamfik, Nodar Kumaritashvili na ƙasar Jojiya, ɗan shekara 21, ya kuskure kwana ta 16, wadda ita ce ta ƙarshe, a gangarowar atisaye. Yana gudun sama da kilomita 140 ya fita daga kwararon ya bugi ginshiƙin ƙarfe, ya rasu. Shi ma ɗan gado ne, daga garin Bakuriani, danginsa ne suka riƙe wasan a ƙasarsu. Shekarunsa kusan ɗaya da na Loch. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne yawan damar da kowanne ya samu ta sanin ƙanƙara mai irin wannan gudu. Sanarwar farko ta hukumomi ta ɗora laifin a kan kuskuren ɗan wasan, abin da ya fusata mutane da dama. A ganina suna da gaskiyar fusata. Kuskure a kwana abu ne da ke faruwa kullum a wannan wasa, har ga manyan gwanaye. Aikin mai gina kwararo ne ya tabbatar wanda ya kuskure ya tsaya a ciki. Hukumomin ma aikinsu ya ƙaryata maganarsu, tunda kafin gari ya waye sun ɗaga bangon wurin, sun naɗe ginshiƙan, sun kuma sauko da mafarin maza zuwa na mata. Kumaritashvili ba shi ne na farko ba: kafin gasar Innsbruck ta 1964, wadda a cikinta aka fara luj a Olamfik, Kazimierz Kay-Skrzypecki na tawagar Birtaniya ya rasu a atisaye.

A cikin wannan yanayi Loch ya ci zinarensa na farko. Ya fi kowa sauri a dukkan gangarowa 4, ya ba Möller tazarar sakan 0.679, wadda a wannan wasa tafiya ce mai nisa. Zöggeler, mai riƙe da kambun, ya zo na uku. Wasu sun ce gajarta hanyar ta taimaki Jamusawa, domin sabon mafarin ba shi da gangara sosai, ƙarfin hannu ne ke aiki a wurin, kuma 'yan Kanada da suka yi ɗaruruwan gangarowa daga sama sun rasa ribar gida. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Amma kowa mafari ɗaya ya tashi, kuma kowa da gawar abokin wasa a zuciyarsa ya kwanta a kan keken.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani abin mamaki, shi ya sa ba sai an daɗe a kansu ba. Ya ci gasar duniya a 2012 da 2013 da 2016. Ya ɗauki kofin duniya, wanda ake ba wanda ya fi tara maki a gasannin kaka guda, sau 5 a jere daga 2012 zuwa 2016. A Sochi a 2014, a kwararon da aka sa wa hawa uku da gangan don rage gudu bayan abin da ya faru a Whistler, ya kare zinarensa, sannan ya ƙara wani a tseren miƙa-miƙa na tawaga tare da Natalie Geisenberger da Tobias Wendl da Tobias Arlt, waɗanda dukansu a yanki ɗaya suke atisaye. Jamus ta kwashe zinare 4 da ake da su a luj a shekarar. Abin lura shi ne waɗanda suka tsaya a gefensa a kan mumbari: Albert Demchenko na Rasha mai shekara 42, da Zöggeler mai shekara 40, wanda ya ci lamba a Olamfik 6 a jere. Wasan dattawa ne, inda gogewa ta fi ƙarfin ƙirji. Ɗan shekara 24 ya tsaya a tsakiyar sa'o'in babansa ne saboda shi ma ya kusa shekara 20 a cikin sana'ar.

Sai Pyeongchang, Koriya ta Kudu, 11 ga Fabrairun 2018. Loch yana neman zinare na uku a jere don ya kamo Hackl. Bayan gangarowa 3 yana gaba da kusan sakan 0.2, kuma a tarihinsa ba a san shi da zubar da irin wannan rata ba. Kwararon yana da tarko ɗaya da kowa ya sani, mafitar kwana ta 9, wadda ke sakin mutum cikin wani ɗan miƙaƙƙen wuri mai karkata. Duk makon 'yan wasa sun yi ta bugun bango a nan. Shi ya wuce ta lafiya sau 3. A ta huɗu, shi ne na ƙarshe da zai gangaro, ya fito a karkace, ya gogi bango, keken ya zame a gicciye. Kafin ya daidaita, an gama. Daga na ɗaya ya koma na biyar. David Gleirscher na Ostiriya, wanda bai taɓa hawa mumbari a gasar kofin duniya ba kafin ranar, shi ya ci zinare. Chris Mazdzer ya ba Amurka lambarta ta farko a tseren maza na mutum ɗaya, Johannes Ludwig ya ci tagulla. Tunda Ludwig ne Bajamushen da ya fi kowa, shi aka ba gurbin tseren tawaga, ya ci zinare a can, Loch yana kallo. Kyamarori sun ɗauki Loch a ƙarshen hanya, kansa a sunkuye, kocin ƙasa ya rungume shi. Kocin kuwa mahaifinsa ne, wanda a lokacin yake riƙe da muƙamin tun 2008.

Ga wanda ya ɗauka tsarin Jamus inji ne mai buga zinare, wannan dare ya isa amsa. Kwararo 4, albashi, maƙera, koci a gida, duk suna iya kai mutum bakin kwana ta 9 da ratar sakan 0.2. Daga nan babu mai shiga tare da shi. Shi ma Gleirscher, in an duba, ɗan gado ne: mahaifinsa Gerhard ya wakilci Ostiriya a luj a Olamfik, kuma yankinsu na Tirol yana da kwararon Igls. Ke nan ko ranar da aka ce an yi abin al'ajabi, ɗan gida ne ya kayar da ɗan gida.

Abin da ya fi burge ni a rayuwar Loch ya zo ne bayan wannan. Zakaran da ya fara da wuri yana da wani nauyi da ba a cika gani ba: bai san faɗuwa ba sai da ya girma, a gaban duniya. Da yawa a wasu wasannin daga nan suke ɓacewa. Shi kuwa a 2019, a Winterberg, ya ci gasar duniya ta 6 a tseren mutum ɗaya, ya kamo Zöggeler. A kakar 2020 zuwa 2021 ya mamaye kofin duniya ya ɗauke shi karo na 7, yana da shekara 31. A watan Yulin 2021 ambaliya da zaftarewar ƙasa suka lalata kwararon Königssee, inda ya koyi komai, dole 'yan yankin suka koma yin atisaye a wasu wurare. A Beijin a 2022 ya zo na huɗu, matsayin da ya fi kowane ciwo, yayin da Ludwig ya ci zinare yana da shekara 35 bayan ya shafe shekaru a inuwarsa. A shekarar ce kuma Hackl ya bar Jamus ya koma horar da Ostiriya, ya tafi da abin da ya sani game da ƙarfe, gasa tsakanin ƙasashen biyu ta ƙara zafi.

Hukumar luj ta duniya, wadda aka kafa a 1957, ta daɗe tana ƙoƙarin faɗaɗa wasan. Tana ɗaukar nauyin 'yan wasan ƙananan ƙasashe, tana ba su kociyoyi da kekuna da lokacin atisaye a kwararukan Turai. Wannan yana kai su Olamfik, amma da wuya ya kai su mumbari, domin abin da suka rasa shi ne shekarun yarinta. Ga kuma matsin da ke ƙaruwa a kan kwamitin Olamfik na ya daina tilasta wa birane gina kwararon da ba za a yi amfani da shi ba bayan mako biyu. Idan aka daina ginawa, an yi tattali, amma wasan zai ƙara ƙuntata a hannun ƙasashen da suka riga suka mallaka. Idan aka ci gaba da ginawa, za a ƙara samun irin Cesana. Babu ɓangaren da ya fi sauƙi, kuma ɗumamar yanayi tana ƙara tsadar riƙe ƙanƙara a kowace shekara.

A cikin Jamus kuwa rairayar ba ta tsaya ba. Norbert Loch ya sauka daga muƙamin kocin ƙasa a 2024. A shekarar ce Max Langenhan, wanda aka haifa a 1999 kuma ya tashi a Thüringen kusa da kwararon Oberhof, ya ci gasar duniya a Altenberg, ya sake ci a 2025 a Whistler. Lokacin da Loch ya ci kambunsa na farko a Oberhof, Max Langenhan yana ɗan shekara 8. A gasar ta 2025 Loch ne ya zo na biyu a bayansa, yana da shekara 35.